Tsawon tiyon detandar nutso da hanyar bi da shi: wanne zan sa a kawo mini?

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin nutso da tukunyar iska, domin ina gab da kashe kuɗi a kan abin da ban gama fahimta ba. A Dakar na koyi nutso lokacin da nake karatu, na samu shaidar matakin farko wadda ke ba mutum damar sauka mita 20 tare da jagora, na kuma yi nutso kamar sau talatin a wajajen Ngor da tsibirin Gore kafin in dawo Yamai. Duk da kayan haya na yi su. Sai da na zo tahowa na sayi detanda ta hannu, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya don a iya shaƙa, a wurin wani Bature da zai koma gida, na gwada ta sau biyu kacal, kuma a gwajin nan biyu na ga abubuwan da ba su kwanta mini ba.

Tiyon mashaƙin da nake sawa a baki na auna shi santimita 90. Yana yin wani babban baka a gefen kafaɗata ta dama, ruwa na turo shi, shi kuma yana jan bakina, har in fito muƙamuƙina na ciwo. Mashaƙin agaji, wanda muke ce wa okto, shi ma santimita 90 ne kuma baƙi ne, ba ya da mazauni sai lilo yake yi. Ma'aunin iska kuwa tiyonsa ya yi tsawon da idan na kusanci ƙasa sai ya riƙa sharar yashi.

Wana da ke zaune Faransa zai zo gida wata mai kamawa, kuma ya yarda ya sayo mini sababbin tiyo idan na rubuta masa awo. Kun san a nan Yamai ban da inda zan mayar in canza, abin da ya kawo shi ke nan. Niyyata in je Dahab a bakin Bahar Maliya lokacin sanyi. Na ga hotunan masu nutso da tiyo mai tsawon mita 2 da santimita 10 suna naɗe shi a wuya, ana cewa shi ne ya fi aminci. Shin shi zan sa a kawo, ko in tsaya ga irin wanda aka koya mini da shi? Kuma ta wane gefe ya dace kowane tiyo ya bi?

Tsohon Mainutso, Yantala, ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka rubuta wa wanka ko lamba ɗaya, amsa wa kanka wannan tambaya: ranar da abokin nutsonka ya zo maka iska ta ƙare masa, wane mashaƙi za ka miƙa masa, na bakinka ko na ajiye? Tsawon kowane tiyo daga amsar nan yake fitowa, don ƙa'idar ɗaya ce, wanda za a bayar shi ke samun dogon tiyo, wanda zai tsaya wurinka shi ke samun gajere.

A makarantar da ka fito, na tabbata okto aka koya maka bayarwa. To, ga wannan tsari awon da aka saba shi ne santimita 70 zuwa 80 ga mashaƙin baki, santimita 90 zuwa 100 ga na agaji, kuma na agajin a sa masa rawayan tiyo don ido ya same shi da wuri. Ka ga ke nan ciwon muƙamuƙinka ba abin mamaki ba ne, tiyon okto aka ɗaura maka a mazaunin na baki. Idan ka koma 75 bakan nan zai ragu sosai. Amma kada ka ɗauki lambata kamar aya, jikin kowa daban, kuma inda kake ɗaure tukunya a jikin rigar iska (wadda ake hurawa don daidaita nutsewa da tasowa), sama ko ƙasa, yana sauya lissafi. Ka goya jaka a baya, ka sa wani ya riƙe maka bakin igiya a daidai ƙeyarka inda uwar detanda, wato ɓangaren da ake ɗaurawa a bakin tukunya, ke zama, ka biyo da igiyar ta kan kafaɗar dama zuwa baki, sannan ka juya kai hagu iyakar juyawa. Inda igiyar ta kai ba tare da ta ja ba, ka ƙara ƴan santimita kaɗan saboda tiyo ba ya lanƙwasa kamar igiya, shi ne awonka. Gajarta ma aibi ce: tiyon da ya gaza yakan fizge mashaƙi daga baki duk lokacin da mutum ya waiwaya hagu neman abokinsa.

Batun gefe kuwa akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi. Yawancin mashaƙai an ƙera su ne tiyo ya shigo musu daga hannun daman mai shaƙa. Idan ka fito da okto ta ƙarƙashin hammatar dama, kamar yadda za ka gani a mafi yawan kayan haya, to sa'ad da ka fuskanci abokinka ka miƙa masa, dole tiyon ya yi lanƙwasa biyu kafin mashaƙin ya zauna daidai a bakinsa, kuma lanƙwasar nan tana cinye tsawon da kake taƙama da shi. Idan kuwa daga hagunka ya fito, hagunka shi ne damansa, sai tiyon ya miƙe kai tsaye. Shi ya sa malaman nutso da yawa na tsarin Faransa suke bi da shi ta hagu, ni ma haka nake yi. Abin da za ka biya a madadin wannan shi ne, in kai ne ka buƙaci okto ɗinka, zai zo maka a karkace, kuma wanda ya sa mashaƙi a kife cikin gaggawa ruwa zai sha, domin kafar fitar da numfashi ta koma sama. Bayan haka gefen hagu ya riga ya cika da tiyon hura riga da na ma'auni. Ko dama ko hagu, sharaɗin shi ne mashaƙin ya zauna a ƙirji, tsakanin haɓa da ƙarshen haƙarƙari, a maƙale da abin da fizga ɗaya ke sakinsa. Okto mai lilo yana cika da yashi, yana iya ɓallewa da zubar iska ba ka sani ba, kuma ranar buƙata a bayanka za ka same shi.

Tiyon hura riga ka auna shi da bututun rigarka, yawanci santimita 55 zuwa 65 yake kamawa, ya bi ta kan kafaɗar hagu ya kwanta tare da bututun. Na ma'auni, idan agogon shi kaɗai ne ba tare da kamfas da sauran tarkace ba, santimita 60 zuwa 65 ya isa ya sauko ta bayan hannun hagu a maƙale shi a ƙugu. Wanda idonsa ya fara gajiya kamar ni yakan so 70 ko sama don ya iya nesanta agogon kaɗan ya karanta.

Dogon tiyon da ka gani, ba na ƙinsa, amma ka san asalinsa. Masu shiga kogunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa a Fulorida ta Amurka ne suka yaɗa shi, domin a matsattsen wuri mutum biyu ba sa iya jerawa, dole ɗaya ya wuce gaba ɗaya ya biyo baya, kuma tiyon sai ya kai tsawon mutum da takalman ninƙayarsa. Kai da za ka yi nutso a buɗaɗɗen ruwa, ku riƙe juna ku tashi sama, ba ka da wannan larura. Shawarata ka gyara abin da ka iya, ka bar wanda ba a koya maka ba.

Ƴar Adar, daga Tawa, ta amsa:

Baba na Yantala ya yi bayani mai gamsarwa, kuma awon da ya bayar ban da ja a kansa. Sai dai ina neman izininsa in saɓa masa a wuri ɗaya, don ni mashaƙin bakina nake bayarwa, kuma ba don kwalliya na koma haka ba.

Tsarin okto ya ginu ne a kan zaton cewa wanda iska ta ƙare wa zai zo ya yi maka alama, ya jira ka ciro, ka miƙa. A wurin gwaji haka ake yi. Amma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutumin da ya ja numfashi bai samu komai ba a zurfin mita 25, abin da idonsa zai fara gani shi ne mashaƙin da kumfa ke fita daga gare shi, wato na bakinka. Na taɓa gamuwa da haka a Bahar Maliya, wani baƙo da aka haɗa mu a jirgi, ban ankara ba sai na ji an fizge mini mashaƙi daga gefe. A lokacin gajeren tiyo ne a bakina, sai ga mu fuska da fuska, gilashin fuskarsa na bugun nawa, ni kuma ina lalube a ƙirji ina neman okto. Allah ya kiyaye, amma daga ranar na sauya tsari. Wani amfanin kuma, mashaƙin da ka cire daga bakinka ka tabbata yana aiki, tunda yanzu ka gama shaƙa da shi, saɓanin wanda ya yi minti arba'in a rataye.

Ba lallai sai mai mita 2 da santimita 10 ba, nan ne na yarda da Baba. Wannan yana saukowa ne ta bayan kafaɗar dama har ƙugu, a saƙale shi a ƙarƙashin batirin fitila ko kuben wuƙa ko a cusa rarar a ɗamara, ya haura ƙirji zuwa kafaɗar hagu, ya zagaya ƙeya, ya shigo baki daga dama. Mai rigar iska irin ta haya, mai aljifai a gefe, ba ya da inda zai saƙale rarar, sai ta yi ta yawo. Ni mai mita ɗaya da rabi nake amfani da shi: ya bi ta ƙarƙashin hammatar dama, ya ƙetare ƙirji, ya zagaya ƙeya zuwa baki. Ga mai ƙaramin jiki kamar ni ya zauna daram, amma namiji mai faɗin ƙirji yakan ji ya matse shi. Akwai kuma hanya ta uku wadda nake ganin ta fi dacewa da kai ƙanena, wato tiyo mai mita ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin hammatar dama ya hau kai tsaye zuwa baki, a sa masa ƴar gwiwar ƙarfe a jikin mashaƙi don kada ya murɗa baki. Babu naɗi a wuya, babu baka a kafaɗa, kuma ciwon muƙamuƙi ya tafi. Aibinta shi ne gwiwar ƙarin mahaɗi ce mai zoben roba, wato ƙarin wurin da zai iya yoyo.

A duk hanyoyin nan uku, mashaƙi na biyu yana kan gajeren tiyo, santimita 55 zuwa 60, ya biyo ta kan kafaɗar dama, a rataye shi da igiyar roba a ƙarƙashin haɓa. Ka miƙa na baki da hannun dama, ka ɗaga na wuya da hagu, babu lalube. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne sa kaya a jirkice. Na wuya ake fara ratayawa, sannan a naɗa dogon a kansa. Wanda ya yi akasin haka ya ɗaure dogon tiyonsa da kansa, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya zo bayarwa. Shi ya sa kafin kowane nutso ake sunkuyar da kai a zare tiyon gaba ɗaya a ga ya fita sumul. Bututun shaƙa na saman ruwa da ake maƙalawa a gilashi shi ma yakan kama tiyon, don haka masu naɗi a aljihu suke ajiye shi. Kuma da zarar ka cire mashaƙin daga baki a cikin jirgi, ka maƙale shi a zoben riga na ƙirjin dama, in ba haka ba wani zai taka maka shi ko ya aza masa tukunya.

Masu cewa dogon tiyo yana rage iska, ni ban taɓa jin bambanci ba, kuma a zurfin da mai nutson nishaɗi ke tsayawa, wato bai wuce mita 40 ba, ba abin damuwa ba ne.

Ɗan Bukoki ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Yaya. Na yi awon igiya jiya da dare, ya ba ni kusan 72, ga shi kuma ƙirjina da faɗi, don haka mai mita ɗaya da rabi ina jin zai shaƙe ni. Na duba uwar detandar, tana da kafofin ɗaura tiyo, huɗu na ƙaramin matsi da biyu na babba, kuma ba mai juyawa ba ce. Abin da ya rage mini shi ne irin tiyon: wana ya ce akwai na roba, akwai kuma wani mai saƙa kamar igiya wanda ya fi laushi da rashin nauyi. Tunda kayan za su yi wata takwas ko tara a ɗaki a Yamai tsakanin tafiya da tafiya, wanne ya fi jure zafinmu?

Makanikin Harobanda ya amsa:

Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta shigo fagena, don aikina ke nan, tiyo da matsi, ko da yake nutson nawa bai kai na waɗanda suka riga ni magana ba. Mai saƙar nan yana da daɗin sha'ani, yana naɗuwa cikin jaka, ba ya jan baki, amma yana da hali biyu. Na farko, yana son tasowa sama cikin ruwa kuma saƙarsa na gurzar wuya, shi ya sa masu naɗi da yawa suka fi son roba. Na biyu shi ne wanda ya shafe mu. Ƙungiyar DAN, mai bin diddigin haɗurran nutso, ta taɓa jan hankali cewa wasu tiyo masu saƙa cikinsu yakan ruɓe a wurare masu zafi, ya farfashe ya zama ƴan ƙwayoyi kamar gishiri, su tafi su toshe mashaƙi, alhali daga waje tiyon fes yake. Matsalar daga irin robar da aka yi cikin da ita ce, ba duka ba ne, amma kai da kayanka za su sha zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 kusan kullum, ba ka da hanyar leƙa ciki. Na roba idan ya tsufa yana faɗa maka, za ka ga tsaga a kusa da ƙarfen baki ko kumburi. Ni roba zan ce a kawo maka. In ka fi son mai saƙa, to ya zama na kamfani sananne, ka riƙa bin sa da yatsu kana lanƙwasawa kafin kowace tafiya, inda ka ji ƙaras-ƙaras ko tauri ka jefar. Kowanne ka ɗauka, kada ya wuce shekara biyar a jikin detandarka.

Abin da ya sa nake matsa wa wannan magana shi ne, mutane sun fi jin tsoron tiyon ma'auni saboda shi ke ɗauke da cikakken matsin tukunya, bar 200 a awon matsi, alhali kafar da iska ke bi ta shige shi kamar tsinin allura take, ko ya fashe zai yi ƙara amma iskar za ta daɗe kafin ta ƙare. Tiyon mashaƙi matsinsa bar 9 zuwa 10 ne kawai, amma hanyarsa buɗe take, idan ya yanke cikakkiyar tukunya ba ta wuce minti biyu.

Ka rubuta wa wanka awon haƙoran ɗauri tare da tsawo. Kafofin ƙaramin matsi yawanci 3/8 na inci ne, na babban matsi 7/16, an bambanta su ne don kada a yi kuskuren musanya. Sai dai wasu detandoji suna da kafa ɗaya mai rabin inci don mashaƙin baki, tsofaffi na da can kuma kafofinsu duka awo ɗaya ne, kuma wanda ya ɗaura tiyon mashaƙi a kafar babban matsi fashewa zai yi a hannunsa. Tunda taka ta hannu ce, ka nemi inda aka rubuta HP, wato babban matsi, nan ne mazaunin ma'auni kaɗai. Ka ɗauki hoton bakin tiyon hura riga ka aika masa, don ba duka riguna ke da baki iri ɗaya ba. Ya haɗo maka da zobban roba na ajiya da ƙaramin bututun nan mai zobe biyu da ke tsakanin agogo da tiyonsa, shi ne ya fi saurin yoyo.

Wajen ɗauri, ka murɗa da hannu har ya tsaya, sannan ka ɗan taɓa shi da sifana. Zoben roba ne ke tare iska, ba ƙarfin hannu ba, kuma tagulla ba ta da wuyar lalacewa. Man inji ko girishin mota kada ya kusanci wurin. Tunda uwar ba ta juyawa, ka ɗora ta a tukunya ka ga inda kowace kafa ta fuskanta, ka ba kowane tiyo kafar da zai fita ba tare da ya karye a gindi ba. Ajiya kuwa, a naɗe da faɗi, cikin akwati a ɗaki mafi sanyi, nesa da janareto da fetur, a rufe kafar shigar iska da murfinta saboda ƙurar hunturu, kuma kada ta taɓa kwana a bayan mota. Duk da haka, da ka isa Dahab ka kai ta wurin masu gyara su buɗe ta su auna matsinta kafin ka shiga ruwa, tunda ba ka san rabonta da gyara ba.

Tsohon Mainutso, Yantala, ya sake amsawa:

Ƴata ta Tawa ta faɗi gaskiya a kan mai fizga, na sha ganin haka, kuma ban da amsar da ta wuce cewa wanda ya saba samun okto ɗinsa ido rufe ba zai daɗe yana lalube ba. Ga abin da na hango, ƙanena, wanda zai raba gardamar ba tare da ka yi asara ba. Ka sa a kawo maka na roba guda 75, rawaya guda 100, guda 60, da ƴar gwiwar nan, ban da na ma'auni da na riga. Ka fara da 75 a baki da 100 a okto, yadda hannunka ya saba. A Dahab ka nemi malami ya ba ka yini guda a ruwa marar zurfi, ku mayar da mai 100 ɗin baki ta ƙarƙashin hammata, mai 60 ya koma wuya, ka yi ta miƙawa da karɓa har ka ga wanda jikinka ya ɗauka. Kowanne ka zaɓa, ka nuna wa abokin nutsonka tun kuna cikin jirgi, don a can kullum da sabon mutum za a haɗa ka. Kada kuma zumuɗi ya sa ka kai sababbin kayan kogin Isa gwaji. Ruwan da ba ka ganin tafin hannunka, ga ƙarfin gudu, ga ragar masunta, ba wurin koyon bi da tiyo ba ne.

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Na aika wa wana jerin kamar yadda Baba ya tsara, na ƙara da 65 na ma'auni da 60 na riga, da hoton bakin bututun. Da na zare robar kariya da ke gindin tsohon tiyon okto kamar yadda ya kamata in yi tun a Dakar, sai na tarar da tsaga ta kusa zagaye shi. Malam na Harobanda, in ba damuwa zan kawo maka detandar ranar Asabar ka duba mini kafofin kafin wana ya biya kuɗin.